Saɓar Ɗan Dambe

Kazaure, Litinin

Ƙanena Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ya Gwiwa, ya ɗalibanka? Ta hannun Daudu direba na aiko, don maganar ba ta waya ba ce, kunnuwa sun yi yawa a gidan nan.

Kan Ɗan Dambe ne, jatan landen tekun nan da ka bar mini a akwatin gilashi saboda muna da wutar sola. Ka san halinsa, dodon koɗi ma naushi ɗaya yake masa. To tun da Inna Shatu, gwaggon maigidana, ta dawo wurinmu daga Roni ya canza. Ya daina ci. Ya kwashi tsakuwa ya toshe bakin raminsa kamar mai gudun wani. Ita kuwa kullum tana gaban gilashin, ta ƙura masa ido tana motsa baki.

Jiya na tarar da shi kwance a kan yashi. Na sa cokali na ɗago: ƙafafu, gashin baki, har idanu suna nan, amma ciki wayam. Ba rauni, ba wari. Jalal, me ke cinye cikin abu ya bar fatarsa lafiya lau? Ni dai ba zan rubuta sunan ba. Ga 'yata Mu'minat kwance da zazzaɓi, kuma ita Inna ke goyawa kullum. Wallahi tsoro nake ji. Na faɗa wa Abban Mu'minat, ko Inna ko mu.

Ka yafe mini amanarka.

Addarka,
Zubaida

*

Gwiwa, Laraba

Adda,

Wa alaikumus salam, da fatan mai jiki ta samu sauƙi. Na kira, wayarki a kashe.

Don Allah kada ki zubar da ruwan nan! Ɗan Dambe yana raye, saɓa ya yi irin ta maciji. In ɓawonsa ya yi masa kaɗan sai ya toshe rami, ya tuɓe tsohon ɓawo, ya ɓuya har sabon ya yi tauri. Ki mayar masa da ɓawon, cinyewa yake yi. Mu'minat kuwa a kai ta asibiti a auna jininta, damina ce.

Amma Adda, ki yi haƙuri da ƙanenki. Tun kafin Inna ta zo kike cewa ɗakin da za a ba ta nan kika so sa keken ɗinkinki. Tsoro ne ko ɗaki? Tsohuwa ce, ba ɗa ba jika. In wannan suna ya bi ta Roni, wa zai ƙara cin abinci kwano ɗaya da ita? Na roƙe ki, kada kalmar ta fito daga bakinki.

Ki gaida Abban Mu'minat.

Ƙanenki,
Jalaluddeen

*

Kazaure, Lahadi

Jalal,

Salam. Takardarka ta yi ta kwana a aljihun Daudu, sai jiya ya tuna da ita. Kafin ta iso na riga na furta kalmar, Inna ta koma Roni.

Ɗan Dambe ya fito, ya ƙara girma, sai sheƙi yake. Mu'minat ma ta tashi, zazzaɓin sauro ne.

Yau muka je Roni ɗauko Inna. Mun same ta ita kaɗai a tsakar gida, yaran maƙwabta suna leƙe daga nesa. Na durƙusa, na tambaye ta abin da take faɗa a gaban gilashin. Ta ce, "Addu'a nake masa, 'yar nan. Na ga shi ma an raba shi da gida."

Na ce ta taso mu koma. Ta ce, "Zubaida, kalmar da kika faɗa ta riga ni isowa garin nan. Kin taɓa ganin maciji ya koma cikin saɓarsa?"

Keken ɗinkin yana nan a zaure, na kasa shigar da shi ɗakin Inna. Mu'minat na bakin ɗakin riƙe da zanen goyo.

Ka sa ni a addu'a.

Zubaida