Habibu, Ka Bar Yadin Mutane Ka Taho

Zuwa ga ƙanena Habibu tela, a Omdurman ta ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan wannan wasiƙa ta same ka da rai da lafiya. Na rubuta ta a fili ne saboda wayarka ta daina shiga. Duk ɗan Kano da ya san inda kake, don Allah ya karanta maka.

Saƙon muryarka na ƙarshe ya iso. Ka ce lafiya lau, alhali muna jin harbi a bayanka. Inna ta sa na yi ta maimaita mata har ta ce in kashe. Amma abin da ya fi harbin ɗaga mana hankali shi ne da ka ce motocin kwashe 'yan Najeriya sun fara tashi, kai kuma ba za ka shiga ba sai ka sallami ɗinkin Sallar mutane. Haba Habibu! Wace Sallar? Masu yadin ma ka tabbata suna garin?

Na san inda ka gaji wannan taurin kai. Ka tuna damunar da ruwa ya cinye layinmu na Fagge? Marigayi Baba ya bar kekensa na ɗinki da tabarminmu, ya ƙulle yadukan mutane ya ɗora a ka, ruwa har ƙirji. Washegari yana rawar sanyi yana raba wa kowa nasa. Kullum maganarsa ke nan: "Yadin mutum amana ne, tela ba ya gudu ya bar shi."

Kai ma haka ka tashi. Lokacin da kake da shago a Sabon Gari, wata Madam ta kawo leshi ta koma garinsu, ba ta waiwayo ba. Shekara ta zagayo kana kakkaɓe masa ƙura, muna yi maka dariya muna kiransa amaryarka. Da matar ta dawo, kuka ta fashe da shi. Wallahi ranar na yi alfahari da kai, ko da ban faɗa ba.

To amma ruwa daban, harsashi daban. Baba ya san zurfin layinmu, kai ba ka san daga ina za a ɓullo ba.

Ka saurari yayarka ko sau ɗaya. Ka janye keken nan daga bakin taga, na san can kake ajiye shi don haske. Koriyar rigar nan da ka ɗinka wa kanka mai kama da ta soja, ka cire ta ka jefar. Idan masu bindiga suka kawo maka gyaran kaki, ko na wane ɓangare ne, ka ce keke ya lalace. Kuma ban da leƙe in an ji ƙara, nan ba Fagge ba ce da ake rugawa kallo. Fasfonka ya zauna a jikinka. Yadukan kuwa, ka maƙala sunan kowa a nasa, ka kai wa limamin unguwa in hanya ta yi sauƙi. In ba ta yi ba, ja ƙofa kawai ka bi jama'a.

Ina jin tsoro, Habibu. Ni da nake yi maka tsiya kullum, yau ga ni ina roƙonka.

Jiya na gaya wa Inna cewa amanar da Baba ya koya maka ce ta riƙe ka. Sai ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in rage ko kalma: "Gaya wa Auta ya taho. Duk mai yadin da zai yi ƙararsa ranar Lahira, ni ya nema, na ɗauka."

Ka ji dai. Ba ka da sauran hujja.

Allah Ya rufe idon mugu daga gare ka, Ya tsare ka a kowane shinge, Ya sanyaya wa mutanen ƙasar da suka karɓe ka, Ya kawo mana kai da ƙafarka. Amin.

Taka yaya,
Hadiza, daga Fagge.