Bonet ɗin da Ya Ƙi Zama Sai da Kai

Zuwa ga yayana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, na zo maka da labarin motarka da na alkawarin da ka yi wa 'yarka Hajara. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, sai dai mutanen Gumel su karanta su ce Habu ya fara magana shi kaɗai. Su ce ɗin. Kai dama ka saba da surutuna a garejinmu.

Ka tuna ranar da muka jawo ta da igiya daga Maigatari? Baƙar mota tun ta zamanin Turawa, sitiyari a dama, kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Duk wanda muka wuce sai ya dara. Kai kuwa ko a jikinka. Ka tsaya a ƙofar gida ka ce wa Hajara, lokacin ko kitso ba a yi mata sai da kuka, “A wannan zan kai ki ɗakinki.”

Shekaru muka yi muna taɓa ta duk sanda aiki ya yi sauƙi. Inji bai ba mu wuya ba, jikin ne ya sha mana kai. Kai ka koya mini a fara daidaita ƙofofi, a taho gaba, bonet, murfin inji, ya zama na ƙarshe, kuma kada a ɗaure noti ko ɗaya tam sai kowane ƙarfe ya sami wurin zamansa. Ma'auninka sakaina ce da ka feƙe da wuƙa. Za ka zura ta tsakanin bonet da gefen mota, ka ja ta daga gilashi har fitila. In ta cije ko ta yi lilo, aiki bai yi ba.

Abu ɗaya ke ba ni haushi. Duk ranar da za a ɗaure notunan, sai ka haye kujerar direba da kwanon furarka, ka leƙo ta taga kana cewa, “Ɗaga kaɗan. Saki. To, ɗaure.” Ni ina rana, kai kana inuwa, ga ka ƙato, ga ni kamar sillen kara. Har wurin Inna na sha kai ƙararka a kan son jiki.

A daminar da ciwo ya kama ka muka zaunar da bonet ɗin. Ka ɗauki ƙusa ka zagaye kowane noti da zane, ka ce saura fenti kawai. Ba ka ga kakar shekarar ba.

Da aka sa ranar Hajara da wani yaron kirki na Gagarawa, na cire bonet na yi masa fenti, na mayar da shi a kan zanenka daidai. Yaya, sai ga shi a karkace. Gefe ɗaya sakaina ba ta shiga, ɗaya gefen har yatsana ya shige. Ba ya kulluwa sai an maka shi, in an maka kuma ya kankare sabon fenti. Na kwance, na mayar, na sake kwancewa, abu ya ƙi.

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ɗauka ciwo ne ya ci idonka har ka yi kuskure a aikinka na ƙarshe. Gyaran ba wuya, in kauce wa zanenka in yi nawa. Amma duk sanda na ɗora sifana a kan noti sai in fasa, don kada in ɓata aikinka. Biki yana matsowa. Hajara ta leƙo gareji ta ga halin da nake ciki, ta ce, “Baffa, ko a amalanke ne ba komai.” Idonta kuwa yana kan motar.

Ana nan sai ga Alhaji Tanko dillalin shanu ya kawo motarsa gyaran salansa. Ka san shi, ku biyun ne tela ke ƙara wa yadi. Rana ta dame shi, ya buɗe motarka ya zauna a kujerar direba. Ina jingine da bonet na ji motar ta nisa, murfin ya sauka da kansa ya kulle a hankali. Na ɗauko sakaina na ja ta daga gilashi har fitila, hagu da dama, ba cijewa ba lilo. Na ce ya fito, ta karkace. Na ce ya koma, ta daidaita. Sai da bawan Allah ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau.

Ashe ƙashin motar ne ya tsufa ya yi laushi, kai kuma ka sani. Ba a tuƙa mota ba kowa a ciki, shi ya sa kake zama a gyara ta da nauyinka. Na yi dariya har da hawaye a gaban baƙo. Maganar son jiki na janye ta, amma furar da ba ka taɓa rage mini ba tana nan.

Matsalar da ta rage ita ce ni, domin ko na zauna motar ba ta san an zauna ba. Ranar kai amarya sai na buɗe rumbu na auno buhu guda daga geron gonarka ta hanyar Sule Tankarkar, wanda ka shuka muka girbe, na ajiye shi a bayan kujerar direba. Bonet ya kulle.

Muka ratsa yashin nan har Gagarawa, ko ƙara bai yi ba. A hanya Hajara ta tambaye ni ta cikin mayafi buhun mene ne a ƙafarta, na gaya mata. Sai ta ɗora hannunta a kai, ba ta ɗauke ba har muka tsaya a ƙofar gidan. Dangin ango suka zo za su sauke shi, sun zaci cikin kayan amarya yake. Na ce a'a, wannan tare muka zo, tare za mu koma.

Hankalina ya kwanta, Yaya. Kai ka kai Hajara ɗakinta, ni sitiyari kawai na riƙe maka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya zaunar da Hajara lafiya a ɗakinta, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.

Ƙanenka mai riƙe maka sifana,
Habu