Matar da Ba Ta da Maki

Toledo, 3 ga Maris

Ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Darlene da jikoki. Yaya gwiwar taka? Mu nan sanyi bai sake mu ba tukuna. Wasiƙa na rubuto maimakon in kira ka, don na san halinka, a waya ba za ka bari in kai ƙarshe ba za ka fara dariya.

Ka san tun da aka kai maigidana Chester gidan kula da tsofaffi, bas biyu nake hawa kafin in isa wurinsa, tunda likitan ido ya hana ni tuƙi. Sai rana ta take nake isa, a lokacin kuwa kansa ya riga ya rikice. Ma'aikatan sun ce da sassafe yakan gane mutane, har ya taɓa hira. Ni da muka yi shekara arba'in da huɗu tare, wata takwas ke nan bai kira sunana ba.

To, sai ga ɗaki da falo na haya a tsallaken titin gidan, a ƙasa, ba hawan bene. Na kai takardar fanshona da ta ajiyata ta banki, na cike komai. Jiya matar ofishin kamfanin da ke ba da hayar ta kira ni, wai sun duba ba ni da maki. Na ce makin me, jarrabawa na zauna? Ta ce, "Mama, makin bashi. Ba wai naki ya yi ƙasa ba ne fa, babu shi ne kwata-kwata. Na'urar ba ta san ki ba."

Kana wurin ranar da na yi ritaya daga kicin ɗin makaranta. Na biya katunan bashina uku tas, na kira bankuna na rufe su, na sa almakashi na yayyanka su ana tafi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban ci bashin ko sisi ba. Yau wannan ne laifina! Wallahi raina ya ɓaci, ko abincin rana ban iya ci ba. Gobe zan je banki su yi mini bayani.

Ka gaida kowa da kowa.

Yayarka,
Verna

Toledo, 11 ga Maris

Wendell,

Ina gaishe ka, da fatan gida lafiya. Na ji daɗi da ba ka kira ba, ka kyauta.

Na je bankin. Wani mai tabarau ya zaunar da ni yana mini magana a hankali kamar kurma. Wai da na bar ɗaya daga tsofaffin katunan nan a buɗe, ko burodi nake saya da shi sau ɗaya a wata ina biya, da makina ya kai sama. Wa ya gaya mini? Lokacin da nake rufewa ba wanda ya ce uffan. Yanzu maganin, in ji shi, in ajiye musu dala ɗari uku tawa, su ba ni kati irin na ɗalibai, in riƙa cin bashin kuɗina ina biyansu, bayan wata shida na'urar ta fara sanina. Na ce, "Malam, shekarata saba'in da uku. Kai aka haifa jiya, ba ni ba."

Wata shida! Ɗakin kuwa zuwa ƙarshen watan nan kawai za su riƙe mini. Na koma kamfanin na ce zan zube kuɗin hayar rabin shekara a kan tebur, suka ce ƙa'idarsu ba ta yarda ba. Ka ji fa, ga kuɗi a hannu ba sa so, tarihin bashi suke so. Hanya ɗaya ta rage, in kawo wanda makinsa ya haura ɗari bakwai ya sa hannu ya tsaya mini.

Na zauna na duba duk danginmu. Kai kaɗai ne.

Ban manta abin da na faɗa maka ba, kuma na san kai ma ba ka manta ba. Ranar bikin godiya na shekara-shekara, a kan teburin cin abinci, gaban matarka da 'ya'yanka, na ƙirga katunanka bakwai na ce maka bawan banki, don ka sayi kwalekwale da bashi. Har gobe ina ganin sayen kwalekwalen nan wauta ne. Amma ina roƙonka, ka sa hannu a takardar da na haɗo da wannan wasiƙa. Ba zan taɓa barin su ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Ba don ni za ka yi ba, don Chester ne.

Yayarka,
Verna

Toledo, 2 ga Afrilu

Ƙanena Wendell,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Takarda ta iso, Allah ya saka maka da alheri. Na ga abin da ka rubuta a bayan ambulan, "Yaya, ashe bawan banki ma da ranarsa." Na ji, ka rama. Ka yafe mini maganar nan, bai kamata in yi ta a gaban yara ba.

Da matar ofishin ta ga makinka, ɗari takwas da sha ɗaya, har miƙewa ta yi ta ba ni kujera. Kai da bankuna bakwai ke bi! Abin ya fi ƙarfin hankalina, kuma ba zan daina jin haushinsa ba. Na dai karɓi katin ɗaliban, don kada sunanka ya daɗe a kan hayata. Madara nake saya da shi, in dawo gida in biya a ranar. Mai tabarau ya ce in jira ƙarshen wata, na ce ba zan kwana da bashin madara ba.

Na tare ranar Asabar. Lahadi ƙarfe bakwai na safe na tsallaka titi. Na tarar da Chester a bakin taga an yi masa aski, yana shan kofi. Ya ɗago ya dube ni sosai, ya ajiye kofin, ya ce, "Verna! Ina kika shige duk kwanakin nan?"

Wendell, ni da ban yi fashin ko rana ɗaya ba. Na jawo kujera na zauna, na ce hanya ce ta yi nisa, amma yanzu na iso.

Ka gaida Darlene.

Yayarka mai godiya,
Verna