Baturen da Ba a Yarda da Fuskarsa

Wangsa Maju, Kuala Lumpur

Zuwa ga Kawu Hambali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gida baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan jiki lafiya, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Maigidana Mika'ilu yana ta fama da rubutun digirinsa har furfura ta fara leƙo masa a gemu. 'Yarmu Ulfa kuwa in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da yaren Malay, ni kuma in yi kunnen uwar shegu har sai ta gyara.

Kawu, ka san ba halina ba ne rubuta takarda ga waya a hannu. Dalili ne ya sa, kuma na san ka riga ka gan shi: hoton ƙanena Fa'iz da ankwa a hannu, 'yan sanda biyu sun sa shi tsakiya. Wallahi Kawu ba kama shi aka yi ba, fim ne. Wasu masu shirya fim ne suka zo aiki wajen unguwar Kampung Baru lokacin hutun jami'a, suna neman baƙar fata. Shi kuma da rawar kansa da ka sani ya tafi bai shawarci kowa ba. Suka ba shi matsayin ɗan aiken masu safarar ƙwaya da aka cafke. Wani abokinsa ya ɗauke shi hoto don tsokana ya ɗora a waya, kafin mu farga ya isa Kano. Mutanen gida kuwa sun sha jin labarin yaranmu da ake kamawa a ƙasar nan, don haka babu wanda ya tsaya tambaya. Tun daga ranar Inna ba ta ɗaukar wayarsa. Ƙanwarmu Ruƙayyatu ta ce jinin Inna ya hau, kuma Innar ta ce kada a ƙara ambata mata sunansa.

A cikin fim ɗin akwai wani tsohon Bature ɗan Ingila, Mista Colbeck, shi ya fito a matsayin ubangidan masu ƙwayar. Da ya ga Fa'iz ya koma gefe ya yi tagumi sai ya tambaye shi, da ya ji abin da ya faru ya ce lallai a kawo shi gidanmu. Gaskiya ranar da na buɗe ƙofa sai da gabana ya faɗi. Idanu ne a can ciki, ga dogon hanci, ga murya kamar daga rijiya take fitowa. Amma ya cire takalmi ba a ce masa ba, ya zauna a kan darduma gwiwoyinsa na ƙara, ya ci tuwon shinkafa da hannu yana gumi saboda yaji, bai bar ko loma ba.

Bayan cin abinci ya ba mu labarin rayuwarsa. Ya ce ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne a arewacin Ingila. Yana saurayi ya bi masu wasan daɓe gari-gari, yana ɗaukar kaya yana kwana a mota, burinsa wata rana ya fito a sarki ko masoyi. Da ya samu shiga talabijin sai aka dubi fuskarsa aka ba shi mugun mai gidan haya. Ya yi abin da kyau, kuma kyawun ne ya zame masa ƙaya, domin daga nan ba a sake kiransa ba sai in ana neman mai kisa, ko maci amana, ko shugaban ɓarayi. Ya ce ya mutu a fim har ya daina ƙirgawa. Wata tsohuwa ta taɓa maka masa lema a kasuwa saboda abin da ya yi wa marayu a talabijin. 'Yarsa tilo ta sha tsokana a makaranta har ta ajiye sunansa ta ɗauki na mahaifiyarta. Mahaifiyarsa kuwa da ya bayyana take kashe akwatin talabijin, kuma ta rasu ba ta taɓa ganinsa a mutumin kirki ba. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa tausayi ya hana ni taya shi.

Shi da kansa ya kawo shawarar a ɗauke shi a waya ya yi wa Inna bayani, ya ce ba ya son wata uwa ta kwana da abin da tasa ta kwana da shi. Ya gyara wuyan rigarsa, ya zauna kusa da Fa'iz ya dafa kafaɗarsa, ya yi magana a hankali Mika'ilu na fassarawa. Mutumin da ya tsufa a gaban jama'a, sai ga shi yana ta maimaita magana kamar sabon shiga. Ya sa aka sake ɗauka har sai da ya gamsu. Na aika wa Ruƙayyatu ina murna, a zatona magana ta ƙare.

Ashe ƙara dagula ta muka yi. Samarin gidan masu kallon fina-finan Turawa suna ganinsa suka shaida shi, suka ce ai wannan ne mai kashe mutane. Matan maƙwabta suka ce a dubi idanunsa kawai. Inna ta ce to yanzu ta ga ubangidan da ya lalata mata ɗa. Da Ruƙayyatu ta dage cewa ɗan wasan kwaikwayo ne, sai Inna ta ce ai shi ke nan, mutumin da sana'arsa ce ya yi hawaye ba a taɓa shi ba, da me za ta gane ranar da yake gaskiya? Kawu, maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ranar da tsohon zai koma ƙasarsu ya tambayi Fa'iz ko mahaifiyarsa ta huce. Fa'iz ya ce masa ta huce, har ta sa albarka. Fa'iz ya ce tsohon ya dube shi, sannan ya ce masa bai iya wasan kwaikwayo ba, kuma kada ya koya.

Yanzu Fa'iz yana nan gidana. Ya daina zuwa aji, ko na yi masa tapau, wato abincin da ake ƙunso mana daga shago, sai dai ya huce a gabansa. Ya san ya yi wauta, ni ma na yi masa faɗa har na gaji. Tsorona kada wani abu ya sami Inna tana riƙe da shi a zuci, domin na ga yadda irin wannan yake tsufa da mutum.

Shi ya sa na ba Malam Bello, maƙwabcinmu da zai zo gida, takardar nan ya damƙa maka hannu da hannu. Don Allah Kawu kada ka kira ta a waya, kada kuma ka nuna mata komai a waya. Ka daure da gwiwar nan ka taka da kanka, ka zauna a gabanta ka gaya mata ɗanta bai taɓa ƙwaya ba.

Ka gaishe mini da Gwaggo Hajjo da Ɗelu, da Fatihu da iyalinsa, da Ruƙayyatu mai haƙuri da mu. Mika'ilu da Ulfa suna gaisuwa, Fa'iz ma yana gaisuwa kansa a ƙasa. Ya ce in roƙe ka, in Inna ta yarda ta ɗauki waya, ko zagi ne ta yi masa ya ji muryarta. Kai ne wanta, Kawu. Fuskarka ta sani tun kafin ta san tamu, kuma ita kaɗai ta rage mana.

Taka 'yar,
Husainatu