Muryar Baba a Kwamfutar Sanusi

Daren Talata, Wurno

Allah shi gafarta mini, yau na ɗaga ma Sanusi murya, kuma ban yi nadama ba. Ƙanen maigidana ne, amma ya ƙure ni.

Kwamfutar da ya harhaɗa mini ta sake yin shuɗi ta mutu ina tsakiyar sauraren karatun marigayi Baba. Muryatai babu ta ko'ina sai cikinta. Sanusi ya zare ɗan ƙarfen da yake ce ma ram, ya hura, ya maida, ta sake mutuwa. Sai ya lura da dardumar da nike lulluɓe ta da ita, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Yaya, zafi ka kashe ta! Mi yak kai ki?"

"Alƙur'ani na ciki, in bar ta tsirara?"

Wai a goge komi a sake zubi. A goge Baba! Na ce shi fita mini ɗaki.

Na ɗauke dardumar, tunda iska take so. Amma ɗakin na kulle, makulli na haɓar zanena. Ba shi ƙara taɓa ta sai ya yarda shi fara kwafe mini Baba a waya, in ji da kunnena.