Baba a Bakin Injin Kumfa

Litinin, 3 ga Maris

Na samu aikin rufin wani gidan kaji, dogon zaure mai kwano, rana na dafa shi kamar tukunya. Mai kajin yana so in fesa masa kumfar hana zafi kafin a kawo 'yan tsaki ƙarshen wata. Irin aikin da nake so ke nan: ni da injina, ba mai tsaya mini a kai.

Baba bai fito ba yau ma. Tun rasuwar Inna ɗakin nan ya zama duniyarsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan motar haya, yanzu ko ƙofar gida sai an yi ta lallashi. Abincinsa ya dawo da rabi. Abin yana damuna, ban dai san ta ina zan ɓullo masa ba.

Talata, 4 ga Maris

Sensar injina, na'urar jin zafi, ta mutu. Ina cikin feshi injin ya tsaya cak. Ita ke gaya masa zafin maganin da ke cikin tiyo, domin magunguna biyu ke yin kumfar, sai sun ɗumama daidai kafin su haɗu a bakin bindigar feshi su kumbura. In sun yi sanyi kumfa ta saki kwano, in zafi ya wuce kima tiyo ya lalace. Mai kayan gyara ya ce, "Sai na yi oda, maigida, ka ba ni sati biyu." Na san sati biyunsa.

Laraba, 5 ga Maris

Akwai dabara: a mai da injin na hannu, a ɗaura ma'aunin zafi a jikin tiyo, wani ya zauna yana kallon allura yana murɗa maɓalli. To ni ina can sama cikin takunkumi, ba zan rabu biyu ba.

Maiɗakina tana wanke-wanke ta ce, "Ga Baba nan a zaune." Na yi dariya. Ta ce, "Idonsa garau, kuma ya fi ka haƙuri nesa ba kusa ba."

Na je na durƙusa na yi masa bayani. Ya ce, "Ni me na sani a kumfa?" Na ce allura ce kawai, irin ta mota. Sai ya ce, "Kamar ta lagireto?" Na ce ita fa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya fito! Har da hula.

Matsalar ita ce ba na jin kira a sama, ga ƙarar janareta ga takunkumi. Shi ya kawo shawara: hon ɗin motata, tunda injin a bayanta yake. Ɗaya, in dakata. Biyu, in ci gaba. Da ya danna na farko sai da na kusa sakin bindiga. Tsoho, amma hannunsa bai manta hon ba. Kumfa ta tashi luf-luf, fara sol. Mun ci gefe guda.

Juma'a, 7 ga Maris

Ya cinye abincinsa, ya kuma tambaya ko akwai saura. Maiɗakina ta kalle ni, na yi kamar ban gani ba.

Asabar, 8 ga Maris

A hanya ya soki tuƙina tun daga gida har wurin aiki. Wai ina taka birki kamar mai kashe kunama. Rabona da jin faɗansa har na manta yadda yake da daɗi. Injin ma ya raɗa masa suna, Tsohuwa, wai ba ta motsi sai an ɗumama ta. Mai kajin ya zo duba aiki, sai ga shi ya zauna hira da Baba, ni ko kallona bai yi ba.

Litinin, 10 ga Maris

Abin da muka fesa ranar Asabar da rana ya lalace. Kumfar ta tsuke, ta janye daga kwano, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji rami. Sanyi ta yi. Yini na yi ina kankarewa, wuyana kamar ba nawa ba. Da na sauko Baba ya ce shi dai allura ta hau, ya rage zafi, kamar yadda na ce. Gajiya ta sa bakina ya suɓuce, na ce da na jira sensa da duk wannan bai faru ba.

Har gida bai soki tuƙina ba.

Talata, 11 ga Maris

Bai fito ba. Ƙafarsa wai.

Laraba, 12 ga Maris

Na gano abin. Da rana ta karkata sai ta faɗo kan bayan motar, daidai inda na ɗaura ma'aunin a fili. Zafin rana allurar ke nunawa, ba na magani ba. Baba ya karanta daidai, ma'aunin ne ya yi masa ƙarya. Na tura shi can ƙarƙashin rigar tiyo na naɗe.

Na gaya masa da yamma, na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai," irin ba koman da ke rufe ƙofa. Abincin ya dawo da rabi. Ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan.

Alhamis, 13 ga Maris

Na sake durƙusawa. Wannan karon ban yi zancen haƙuri ba, na ce masa ina so in shigar da motar inuwa ta bayan zauren, amma lungun ya matse, na gwada na goge madubi. Ba ƙarya na yi ba, na goge ɗin. Ya ce, "Madubin wane gefe?" Na ce na dama. Ya yi tsaki, ya ce a miƙo masa takalminsa.

Da baya ya shigar da ita, tashi ɗaya, hannu ɗaya a kan sitiyari. Ya fito yana gyara hula bai kalle ni ba.

Asabar, 15 ga Maris

Aiki na tafiya lafiya lau. Zauren ya fara sanyi, in ka shigo daga rana har ajiyar zuciya kake yi. Baba ya ba mai kajin labarin Inna, yadda take ɓoye masa makullin mota in ta ga ya gaji. Ban taɓa jin wannan ba. Na tsaya a bayan duron magani ina goge bindigar da na riga na goge.

Talata, 18 ga Maris

Mai kayan gyara ya ba ni kunya, sensa ta iso a kan lokaci. Ban yi murna yadda na zata ba. Na ɗaura ta dai, tiyo ba abin wasa ba ne.

Laraba, 19 ga Maris

Baba ya leƙa fuskar injin ya ga lambobi na tafiya da kansu. Ya ce, "Ta warke ke nan." Na ce ta warke, amma sabuwa ce, ban yarda da ita ba tukuna, gara a sami mai sa mata ido. Ya dube ni ya daɗe, ya ce shi ma bai yarda da ita ba. Ya gyara zama.

Maiɗakina ta ce, "Har yaushe za ka gama gwada sensar nan taka?" Na ce irin waɗannan ba a yi musu gaggawa.

Na karɓi wani aikin, ɗakin ajiyar magunguna, da ɗan nisa. Baba ya ce mu fita da wuri, wai na cika makara.