Haƙorin Mastura

Ruwais, Jidda
Safar, 1394

Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ƙafarta? Ina yara? Mu lafiya lau, sai gajiya, ita ma da sauƙi. Ki daure da rubutuna, har yanzu hannuna bai saba ba.

Autata Mastura ce ta yi fama da haƙorin gaba, ko abinci ba ta iya ci. Kamfanin da babanta yake wa dako yana biya mana kuɗin magani, amma likitansu ya ce cirewa kawai suke biya, cikewa sai daga aljihunmu. Babanta ya ce, "Halas, shi ke nan, a cire, tunda kyauta ne." Na ce, "Haba Malam, shekararta goma sha uku. Wannan ba ya sake fitowa."

An dai cike shi, ta warke, kada ki damu. Sai dai haƙorin Makkan da na sa bayan hajjina, shi na sa aka ciro, na kai wa maƙerin zinariya ya saya, da kuɗin aka biya.

Na san Inna tana ta gaya wa 'yan unguwa za su gan shi ranar da na dawo. Ki lallaɓa ki gaya mata, Yaya. Ni ba zan iya ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Khadijatu